Da Wane Mudu Za a Auna Jinyar Wanda Likita Ya Sallama?

Akwai wata magana da ake faɗa wa dangin mara lafiya a asibitocinmu, wadda duk wanda ya taɓa jin ta ba ya mantawa: "Ku mayar da shi gida, a ci gaba da addu'a." Likita kan faɗe ta a tsaye, da murya ƙasa-ƙasa, galibi ga babban namijin da ke wurin, a bakin ƙofar ɗakin da mara lafiyan yake kwance. Kowa ya fahimci abin da ake nufi, don haka ba a neman ƙarin bayani. Abin da ba a faɗa shi ne yadda za a yi da daren farko a gida, da na biyu, da sauran kwanaki ko watannin da Allah ya rage wa bawansa.

An faɗa mana wannan magana a kan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi fama da ciwon dajin mama. Daga ranar zuwa ranar da Allah ya karɓi abinsa wata biyar ne. A cikin watannin nan ta kwanta a wurare uku: wani asibitin gwamnati, da wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, da ɗakinta na gidanmu a Hayin Dogo, cikin Samaru. Duk lokacin da za a ɗauke ta daga wani wuri zuwa wani sai an yi zaman shawara, kuma duk zaman da aka yi tambayar ɗaya ce: ina ya fi? Amsoshin da muka riƙa bayarwa su ne suka sa na ɗauki alƙalami, domin daga baya na gane cewa mudun da muka riƙa awo da shi na wanda ake sa ran zai warke ne. Mun duba kyan gini, da yawan na'urori, da sunan likita, da ko janareto na kwana a kunne. Ba wanda ya tambaya ko a wurin za a iya sa ta yi barci.

Kafin a yi nisa, ya kamata a tsaya a kan suna, tunda wannan mujalla ta masu nazarin harshe ce. Bahaushe yana da "ciwon ajali", amma suna ne da ba a raɗa wa ciwo sai bayan ya tafi da mai shi. Kafin nan, kiran sa haka shisshigi ne cikin abin da Allah kaɗai ya sani, kuma rashin ta-ido ne ga mara lafiya. Ita kuwa kalmar "jinya" ta yi faɗi, ta haɗa mai zazzaɓin kwana uku da wanda ya shekara a kwance. Har "majinyaci" ma sai mai magana ya fayyace, domin wasu na nufin mara lafiya da ita, wasu na nufin mai kula da shi. Zan yi amfani da "jinyar sassauci" don nufin kulawar da manufarta rage wa mutum azaba a jiki da zuciya bayan an san ciwonsa ba mai warkewa ba ne, sannan in ari "hosfis" don nufin cibiyar da wannan ne kaɗai aikinta.

Wannan fanni yana da tarihi sananne. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe hosfis na St Christopher a kudancin Landan. Ta fara aiki a matsayin malamar jinya, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya, sannan ta karanta likitanci, kuma wataƙila wannan zagaye ne ya sa ta ga abin da sauran likitoci ba su gani ba. Ta nuna cewa azabar mai ciwon ƙarshe ba ta tsaya ga jiki ba, ta haɗa da tsoro, da tunanin iyalin da zai bari, da bashi, da tambayoyin da yake yi tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta kuma tabbatar da cewa maganin zafi a kan lokaci ake ba da shi, ba a jira sai mara lafiya ya yi kururuwa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na kashe zafin ciwon daji, daga irin su farasitamol, zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin, zuwa mofin. A 2014 kuma babban taron hukumar ya zartar cewa jinyar sassauci ɓangare ce ta kiwon lafiya da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Duk da haka, ƙiyasin hukumar ya nuna mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu.

A ƙasashen da hosfis suka yawaita, kwatanta su ya zama aikin hukuma. A Amurka, inda doka ta amince tun 1982 inshorar gwamnati ta tsofaffi ta riƙa biyan kuɗin hosfis, an buɗe shafin intanet a 2017 wanda iyali za su shiga su jera cibiyoyin yankinsu su ga makin kowace. Wani ɓangare na makin daga bakin waɗanda suka yi jinya yake fitowa: bayan rasuwa da 'yan watanni ana aika musu tambayoyi, ko taimako ya zo da dare da ranakun hutu, ko an shawo kan zafi, ko an koya musu yadda za su kula da nasu, ko an mutunta shi. A Ingila akwai hukumar da ke duba cibiyoyin ta ba kowace ɗaya daga darajoji huɗu. Mu kuwa, a jadawalin ingancin kulawar ƙarshen rayuwa da sashen bincike na mujallar Economist ya fitar a 2015, Nijeriya ce ta 77 cikin ƙasashe 80. Yuganda, wadda ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, ita ce ta 35. Zan dawo kan Yuganda.

Ba a ce ba a yi komai a nan ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa cibiyar jinyar sassauci a Ibadan a 2003, asibitin koyarwa na can ya buɗe sashe na musamman a 2007, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan hosfis da jinyar sassauci. Sai dai magidancin da ke Layin Zomo ko Muciya, wanda aka sallamo masa mahaifiya, ba jerin hosfis ne a gabansa ba. Zaɓinsa tsakanin babban asibiti ne, da asibitin kuɗi, da gida, sai kuma masu magani na bakin kasuwa waɗanda ke shigowa ta kowace ƙofa. Waɗannan su ne masu ba da jinyar ƙarshe a wurinmu, ko sun amsa sunan ko ba su amsa ba, kuma su ya kamata a kwatanta.

Babban asibiti shi ne ma'ajiyar ilimi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen ciwon daji da gashinsa, wanda marasa lafiya ke nufowa daga jihohin Arewa da dama, yana kuma cikin asibitoci shida da aka fara gwada asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya a cikinsu. A irin wannan asibiti ne ake samun likitan da ya san bambancin zafin ƙashi da zafin jijiya, da kantin maganin da doka ta yarda ya ajiye mofin. Amma kowane asibitin koyarwa a duniya don warkarwa da horarwa aka gina shi. Gadonsa yana da masu jira, kuma idan aka rasa abin da za a ƙara yi wa wanda ke kai, hankali kan koma ga na bayansa. Ba mugunta ba ce, tsarin ne haka. Ga kuma dokar lokacin ziyara, da rashin wurin kwanan mai jinya, da nisan da ke tsakanin mara lafiya da jikokinsa.

Asibitin kuɗi kuwa yana sayar da abin da babban asibiti ba ya iya bayarwa: ɗaki kai kaɗai, da ma'aikaciyar jinya da za ta zo in an kira, da izinin dangi su cika wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san akwai masu irin waɗannan asibitoci da ke aiki da tsoron Allah. Matsalar ita ce kuɗin shigarsu daga abin da aka yi wa mara lafiya yake fitowa, alhali mai ciwon ƙarshe sau da yawa ragi yake buƙata a abin da ake yi masa. A inda muka kwantar da gwaggona, cikin kwana goma sha ɗaya ba a taɓa cire mata robar ƙarin ruwa ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya ƙara nauyi, hannuwanta duka biyu suka yi baƙi saboda neman jijiya. An ɗebi jininta don gwaji har sau huɗu, kuma babu sakamakon da ya canza komai a maganinta. Mu ma da namu laifin, domin a idon Bahaushe ledar ruwa a rataye ita ce shaidar ana aiki, kuma da likitan ya cire ta da mun ce ya yi sakaci. Zafin kuwa, wanda shi ya kai mu can, allura ake yi mata in ta yi ihu, ta lafa na awa biyu ko uku, sannan a jira ihu na gaba.

A gida ta fi samun natsuwa, a gida kuma ta fi shan azaba. Na daɗe ina juya wannan magana. A ɗakinta tana jin kiran salla daga masallacin layinmu, maƙwabta na shigowa dubiya, ana dama mata kunun tsamiya yadda take so, jikoki na wasa a tsakar gida tana tsawata musu. Al'adarmu ta dubiya da sannu da "Allah ya sa kaffara ne" ta riga ta tanadi rabin abin da Saunders ta sha wahalar koya wa Turawa. Amma ƙarfe biyun dare babu kowa sai ita da 'yarta da fitilar waya. Babu lambar da za a kira. Babu wanda ya koya mana cewa wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, sai da gyambon ya fito muka sani. Ciwon da ke ƙirjinta ya fara wari har masu dubiya suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa, ita kuma ta lura, ta daina yarda a ɗaga labule. Sai a makonninta na ƙarshe wata malamar jinya mai ritaya, maƙwabciyarmu, ta nuna mana yadda ake wanke shi a barbaɗa garin ƙwayar Flagyl, warin ya ragu cikin kwana biyu. Maganin da bai kai kuɗin katin waya ba, ga shi a kowane kemis na Samaru, amma sanin sa bai iso gare mu ba sai da ta yi wata uku tana jin kunyar jikinta.

Masu maganin lasifika ba zan ɓata musu lokaci ba. Suna sayar da alkawarin warkewa ga wanda asibiti ya sallama ba tare da ya ba shi wani abin riƙewa ba, kuma muddin sallama tana nufin "mun gama da kai", kasuwarsu ba za ta mutu ba.

To, da wane mudu za a auna? A ganina tambaya ta farko, wadda ta rinjayi sauran gaba ɗaya, ita ce ta zafi: shin mara lafiya yana barci da dare? Duk wurin da bai iya amsa wannan ba ya faɗi, ko da an shimfiɗa masa tayil har bango. Amsar kuwa, ga mafi yawan masu ciwon daji da ya yi nisa, tana komawa ga mofin na sha, wanda ake ba da shi duk bayan awa huɗu, a daidaita yawansa da nauyin zafin, a haɗa da maganin maƙarƙashiya domin yana ɗaure ciki. Ba magani ne mai tsada ba. Gari ne ake jiƙawa da ruwa da sinadarin hana lalacewa. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya tun tana matashiyar likita, da wannan ruwan maganin ta kafa hosfis a Kampala a 1993, ana zuba shi a gorar ruwa, a rina mai sauƙin ƙarfi kore, mai ƙarfi kuma ja, don kada wanda bai iya karatu ba ya rikice. A 2004 Yuganda ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman damar rubuta mofin, saboda ta san likitocinta ba za su kai kowane ƙauye ba. Wannan gyara, fiye da kowane gini, shi ya ɗaga ta a jadawalin da na ambata.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja. Mu ne muka ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 bayan binciken da BBC ta watsa. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa a kai kwalbar mofin cikin gida, dole gabansa ya faɗi. Amma a lura da abu ɗaya: ƙwayoyin da suka lalata yaranmu ba daga ɗakin masu ciwon daji suka fito ba, ta haramtacciyar kasuwa suka shigo katan-katan. Tsaurin da muke yi wa mofin na asibiti bai hana ɗan shaye-shaye samun kayansa a bayan tasha ba, tsohuwar da ke murƙususu kawai ya hana. Hanyar tsaro sananniya ce: a ba da na 'yan kwanaki, a rubuta a littafi, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce a gidan, ma'aikaci ya riƙa zuwa yana duba abin da ya rage, a mayar da saura bayan rasuwa. Akwai kuma tsoron da ke zukatan iyali, har da wasu ma'aikatan lafiya, cewa mofin yana gaggauta mutuwa. Abin da ya jawo wannan zato shi ne ba a ba da shi sai mutum ya kai gargara, sai ya cika washegari a ce maganin ne. Idan aka fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa bisa ƙa'ida, mutum kan yi watanni yana sha, yana salla, yana hira da iyalinsa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya a al'adarmu: wa aka gaya wa gaskiya? Gwaggona ba a taɓa faɗa mata sunan ciwonta ba. Yayyenta maza suka yanke haka, da kyakkyawar niyya, wai kada ta karaya. Amma mace ce mai hankali, ta ga yadda ake fita waje a yi ƙus-ƙus, ta gane. Sai aka wayi gari tana ɓoye mana saninta don kada hankalinmu ya tashi, mu kuma muna ɓoye mata namu, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara, aka bar ta ita kaɗai da abin da ya fi komai nauyi. Ba ina kira a kwaikwayi likitan Amurka da ke ƙirga wa mutum watannin da suka rage masa ba. Wannan bai dace da imaninmu ba, Musulmi da Kirista, kuma ƙirgen ma yakan ci tura. Amma tsakanin yanke wa mutum wa'adi da yi masa ƙarya akwai fili mai faɗi. Ana iya tambayar sa me ya fahimta game da ciwonsa, kuma nawa yake so ya sani. Ana iya cewa ciwon ya fi ƙarfin maganin da ke hannunmu, rai na hannun Allah, amma zafin muna iya rage shi. Mutumin da addininsa ya umarce shi da wasiyya, da biyan bashi, da neman gafarar waɗanda ya ɓata wa, hana shi sanin halin da yake ciki tauye masa hakki ne. Gwaggona tana da adashin da take riƙe wa matan layi, kuma sai bayan rasuwarta aka sha wahalar warware wa ke bin nawa. Da an yi mata magana a fili, da ta warware shi da bakinta cikin rabin awa.

Sai mai jinya, wanda ba ya cikin lissafin kowa. A gidajenmu kusan kullum mace ce: 'ya, ko suruka, ko ƙanwa, wani lokaci yarinyar da aka cire daga makaranta "na ɗan lokaci". 'Yar gwaggona tana aji uku a kwalejin ilimi lokacin, ta rasa zangon karatu guda, ta rame har ana tambayar ko ita ma ba ta da lafiya. Ita ke ɗagawa, ita ke wankewa, ita ke kwana a zaune, kuma masu dubiya in sun zo mara lafiya suke yi wa sannu, ita sai dai a ce Allah ya ba da lada. Wurin jinya nagari shi ne wanda ya ɗauki wannan yarinya a matsayin rabin aikinsa: ya koya mata juyawa da wanke ciwo da kula da robar fitsari, ya ba ta safar hannu, ya gaya mata alamomin da za ta gani in lokaci ya matso don kada ta firgita, ya kuma tambaye ta yaushe rabonta da barci.

Batun kuɗi gajere ne. A tambayi kowane wuri: wannan gwaji ko wannan allura, me za ta canza? Idan amsar ita ce babu, to gonar da za a sayar don biyan ta gadon marayu ce ake ci tun mai ita na da rai.

Saura yadda za a tattara amsoshin, kuma a nan ne nake ganin masu nazarin Hausa suna da aikin yi. Ƙungiyar jinyar sassauci ta Afirka, mai mazauni a Kampala, tana da ma'auni mai tambayoyi goma, bakwai ga mara lafiya, uku ga iyalinsa, kowace ana ba ta maki daga sifili zuwa biyar. Ma'auni ne mai kyau, an gina shi don nahiyarmu. Amma duk wanda ya taɓa gaida Bahaushe mara lafiya ya san amsar "yaya jiki?" ita ce "da sauƙi", ko da kuwa yana cije leɓe. Dauriya abin yabo ce a wurinmu, raki abin kunya, musamman ga namiji da kuma mace a gaban surukanta. Idan kuma aka je wa iyali bayan rasuwa aka ce ko sun gamsu da kulawar da aka yi, za su ce "sun yi iya ƙoƙarinsu, kwana ne ya ƙare", domin kukan rashin kulawa yana kama da rashin tawakkali. Duk asibitin da aka auna da irin wannan tambaya zai ci maki cikakke.

Mafita ita ce a bar tambayar gamsuwa a koma tambayar abin da ya faru. Dare nawa a makon jiya zafi ya tashe ki? Da ya tashe ki, wa aka kira, kuma ya zo? Kin iya yin salla a zaune, ko sai a kwance? An nuna miki yadda ake juya ta kafin gyambo ya fito, ko bayan ya fito? Irin waɗannan ana amsa su ba tare da an ji an yi ƙorafi ba. Sannan harshen kansa yana da arzikin da takardar asibiti ba ta amfani da shi. Bahaushe ya bambanta zugi da raɗaɗi, ya bambanta suka da sara, da murɗa, da ƙuna, da tsami. Wanda ya ce ƙafarsa na yi masa ƙuna kamar an zuba barkono, da wanda ya ce ƙashin bayansa na zugi, ba ciwo ɗaya suke bayyanawa ba, kuma likitan da ya san aikinsa ba magani ɗaya zai ba su ba. Tattara waɗannan kalmomi, da tantance ma'anarsu a bakin Zazzagawa da Katsinawa da Sakkwatawan da ke haɗuwa a layin asibiti ɗaya, da daidaita su da abin da likita ke nema, aikin digiri na biyu ne cikakke. Sashen Hausa yana Samaru, asibitin koyarwa yana Shika, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Idan aka auna da wannan mudu, ina da yaƙinin sakamakon zai nuna cewa abin da Zariya ta fi buƙata ba sabon gini mai allon hosfis ba ne. Da wuya Bahaushe ya kai mahaifiyarsa gidan da aka san ba a fitowa da rai, ya koma ya zauna cikin mutane, gorin ba zai ƙare ba har jikokinsa. Abin da ya dace da mu shi ne ilimin babban asibiti ya bi mara lafiya zuwa ɗakinsa. Jihar Kerala ta Indiya ta yi haka: daga ƙaramin asibitin zafi da aka buɗe a Kalikut a 1993, aikin ya bazu ya zama na unguwanni, inda 'yan sa-kai da aka horar ke zagaya gidaje, ma'aikatan jinya da likitoci na biye da su. Mu ba sai mun ƙirƙiro 'yan sa-kai ba. 'Yan agajin ƙungiyoyin addinin Musulunci sun saba da hidimar asibiti, zumuntar mata ta majami'un Sabon Gari da Samaru ta saba da ziyarar marasa lafiya, kuma kowace unguwa tana da malamar jinya mai ritaya irin maƙwabciyarmu, wadda ake buga wa ƙofa da dare ba tare da kowa ya ɗauke ta aiki ba. Abin da ya rage shi ne horo na 'yan makonni, da ma'aikaciyar jinya ɗaya mai babur ko Keke Napep ga kowace gunduma, da lambar waya da ake ɗauka da dare, da likitan da ke tsaye a bayansu yana rubuta magani.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Duk likitan da zai ce a mayar da mara lafiya gida, ya haɗa da takarda ɗaya da Hausa, boko ko ajami, mai ɗauke da sunan maganin zafi da lokutan shan sa, da yadda ake juyawa da wanke ciwo, da ranar da za a dawo karɓar wani maganin ba tare da an sake ɗauko mara lafiyan ba. Mu takardar da aka ba mu ranar sallama ta kuɗin gado ce. Tana nan a cikin jakar gwaggona, tare da katinta na asibiti da littafin adashin.